Yaron Aro

Kwanakin baya na shiga kasuwa neman takalmin makaranta na ƙaramar 'yata, sai wani ƙamshi ya tsayar da ni a bakin layin masu abinci. Gwaten acca ne da yakuwa da gauta, wata mata na damawa a babbar tukunya, tururi na tashi. Ban san na tsaya ba, sai da wani mai keke ya yi ta danna mini hon sannan na lura a tsakiyar hanya nake. In ba ka taɓa zama da mutanen Filato ba, wataƙila ba ka san wannan abincin ba. Ni kuwa shi ne abu na farko da aka zuba mini a kwano aka ce in zauna in ci, bayan na daɗe ina cin nawa a tsaye a bayan ƙofa.

Ina da shekara goma sha uku mahaifina ya rasu. Direba ne, yana ɗauko doya daga Lambata da ƙauyukan da ke kewaye ya kawo Suleja. Wata ranar kasuwa mota ta ƙwace masa a gangare. Da mahaifiyata ta gama takaba, yayyenta suka zo daga can arewa mai nisa suka tafi da ita da ƙanwata da ke goye. Ni kuma Baffa, ƙanin mahaifina, ya ce namiji na dangin uba ne. Manya suka yi maganarsu a zaure suka gama, ba wanda ya tambaye ni. Na tuna mahaifiyata a cikin mota ta liƙa fuskarta a gilashi, bakinta na motsi, amma ƙarar injin ta hana ni jin abin da take faɗa.

Gidan da Baffa yake haya a Kwamba irin gidajen nan ne masu ɗakuna a jere suna fuskantar juna, da doguwar baranda a tsakiya, rijiya ɗaya, bayi ɗaya. Kowane ɗaki da yarensa. Akwai malamin makaranta daga Binuwai, akwai tela Banufe, akwai ma'aikatan da ke fita Abuja da sassafe su dawo a galabaice. Da yamma barandar kan cika da hayaƙin risho da kukan jarirai, wannan ɗaki na waƙar coci, wancan na sauraron tafsiri a rediyo. Ban taɓa zama cikin mutane masu yawa haka ba, ban kuma taɓa jin kaɗaici irin na gidan nan ba.

Ba zan ce maka Baffa mugu aka haife shi ba. Yana da rumfar kayan gyaran babur a gefen Abuja, rusau ya bi ta kanta, matarsa ta tafi ganin gida ba ta dawo ba, shi kuma ya koma leburan gini. Duk wulaƙancin da ya kwaso a wajen aiki, a jikina yake sauke shi. Ya cire ni daga makaranta ina aji biyu na sakandare, ya samo mini kurar ruwa, ina turawa da jarkoki ina kai wa masu gini da masu abinci. A bayan ƙofar ɗakinmu akwai tsohon bel ɗin injin markaɗe rataye a ƙusa. Ba sai na yi laifi ake sauko da shi ba. Har na iya gane halin da yake ciki daga takun ƙafarsa a baranda. Wani lokaci kuma, bayan ya gama, sai ya zauna a bakin katifa ya yi ta kallona, ya ce, "Kai kamarka ɗaya da shi." Mahaifina yake nufi. Daga nan ya kau da kai.

Maƙwabta na ji. Bangon ɗakunan bai kai ya ɓoye tarin mutum ba, balle ihun yaro. Abin da na fi tunawa shi ne yadda rediyoyi kan ƙara sauti ɗaya bayan ɗaya idan aka fara. Da gari ya waye a gaishe ni kamar ba abin da ya faru, ni ma in amsa. Akwai wani lungu tsakanin katanga da tankin ruwa inda nakan ɓuya in na dawo da wuri. Daga nan ina hango yara 'yan makaranta suna wucewa da fararen riguna, wasunsu ajinmu ɗaya a da. Sai in sunkuyar da kai kada su gane ni.

Farkon damina abin ya faru. Ruwan sama ya ci hanyar da nake bi, ya bar zaizayar ƙasa, tayar kura ta faɗa ciki, jarkoki suka zube, guda ta fashe. Mai kurar ya kai ƙara wajen Baffa. Ranar bai ma tsaya ɗauko bel ba, tafin hannunsa ya sa ya kwaɗa mini mari a kunnen hagu. Na ji wani abu ya yi ƙara a cikin kaina kamar an taka ƙwai, daga nan sai ɓangaren nan ya yi tsit. Bayan 'yan kwanaki kunnen ya fara zubar da ruwa mai wari. Nakan cusa tsumma a ciki in ja hula in rufe. Masu abinci suka fara cewa in ajiye ruwan a waje, kada in shigo.

A ɗakin ƙarshe, kusa da rijiya, akwai wata nas 'yar Filato da ba ta daɗe da tarewa ba. Kowa Maman 'yan biyu yake ce mata, ko da yake 'yan biyun suna makarantar kwana, mijinta kuma soja ne yana can wani gari. Gajeriya ce kakkaura, mai saurin tafiya, Hausarta kuwa irin tasu ce da ba ruwanta da bambanta mace da namiji, kowa "ka" ne. Wata rana ina jan ruwa ta yi ta kirana daga hagu ban ji ba. Sai kawai na ji an kama kafaɗata. Na saki guga na kare kaina da hannu biyu. Ta tsaya tana kallona. Sannan ta cire hular, ta zare tsumman, ta sunsuna.

"Wa ya yi maka wannan?"

Na ce faɗuwa na yi.

"Faɗuwa. To, zo ka faɗi a ɗakina."

Ta zaunar da ni a kujerarta, ta tafasa ruwa, ta goge bakin kunnen da auduga a hankali, tana tsaki. Ta ɗaga rigata ta ga bayana, ta mayar. Sai ta zubo mini gwaten nan da zafinsa, ta ce in ci. Na miƙe da kwanon zan fita waje, ta ce, "Ina za ka? A nan za ka ci, a zaune." Na ci hawaye na zuba a cikin kwanon, ita kuma ta juya baya tana ta kintsa kayan da ba su buƙatar kintsawa.

Washegari ta hana ni ɗaukar kura, ta tafi da ni asibitin da take aiki. Likita ya haska kunnen ya ce dodon kunnen ya fashe, ƙwayar cuta ta shiga, za a iya tsayar da ruwan, amma jin ba zai dawo kamar da ba. Haka kuwa aka yi. Har yau in kana son in ji ka sosai, sai ka zagayo ta dama.

Ranar Lahadi da ta dawo daga coci, ba ta ko cire ɗankwalinta ba, ta tsaya a ƙofar Baffa. Rana tsaka ce, kowa na gida. Ta faɗa masa abin da likita ya ce, da murya yadda duk barandar za ta ji. Baffa ya fito yana huci.

"Ina ruwanki? Ke danginmu ce? Ko addininmu ma ba ɗaya ba."

Ta ce, "Gaskiya ne, Oga. Ni ba danginka ba. Amma kunnen da ka fasa, ni na wanke shi."

Ba wanda ya fito ya goya mata baya. Labule ya motsa a ɗaki biyu ko uku, shi ke nan. Baffa bai taɓa ni a ranar ba, amma ya hana ni zuwa ɗakinta, ya ce in ya ƙara ganina a can sai ya karya ni. Ita ma ta gane maganarta ba za ta yi nisa ba, domin baƙuwa ce, mace ce, kuma ba ta da wani iko a kaina. Sai ta tare ni a hanya ina tura kura, ta tambaye ni, "A duk garin nan, wa babanka yake jin kunya? Wane ne in ya yi magana wannan mutumin ba zai iya musu ba?"

Na yi tunani, na ce akwai wani tsoho a Maje, manomin doya. Mahaifina ya yi shekaru yana ɗaukar masa kaya, Baba yake ce masa, kuma duk Sallah yakan kai mu gaishe shi. Ban san sunan unguwarsu ba, na dai ce mata gidan na kusa da wata babbar bishiyar ɗorawa a bakin rafi. Da wannan kwatancen kawai ta hau acaɓa ranar hutunta, ta yi ta tambaya har ta same shi a gona.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga tsohon a gidanmu, dogo siriri, da farar riga da ta sha wanki da sandarsa. Baffa ya rikice, ya shimfiɗa masa tabarma, ya durƙusa ya gaishe shi. Ni ina raɓe a jikin bango, ina jiran a fara tone-tone, na kuma san in tsohon ya tafi ni zan biya. Amma ko sau ɗaya bai ambaci kunnena ba. Ya yi wa mahaifina addu'a, ya tambayi aiki, ya jajanta rumfar da aka rushe. Sai can ya ce, "Ni fa roƙo ya kawo ni. Damina ta kama ni, 'ya'yana duk sun tafi birni, gwiwa kuma ta ƙi. Ka ara mini yaron nan ya taya ni zuwa kaka."

Baffa ya yi ta wasa da bakin tabarma. Na yi imani ya san komai, ya kuma san tsohon ya sani. Amma an buɗe masa ƙofar da zai fita ba tare da ya ji kunya ba. Ya ce, "Ai ɗanka ne, Baba. Zuwa kaka."

Kayana ba su cika leda ɗaya ba. Da muka zo wucewa, Maman 'yan biyu na tsugune a bakin rijiya tana wanki. Ba ta ɗago ba, don kada Baffa ya ce da hannunta. Amma na ga ta daɗe tana cuɗa riga ɗaya.

Maje ta wancan lokacin gonaki ne da fadama, gidaje jefi-jefi. Gidan tsohon ɗaki uku ne na ƙasa da rumbu, shi da matarsa kawai, wadda na riƙa kira Iya. Shirun wurin ya fara ba ni tsoro. Na saba da sauraron taku, a nan kuwa ba abin saurare sai kukan kurciya da iska a cikin masara. Iya takan zuba mini tuwo ta ƙara, ni kuma in ɓoye saura a aljihu saboda gobe. Ta gani, ba ta taɓa magana ba, sai dai ta riƙa barin tukunya a buɗe a madafa.

Tsohon ba mai yawan magana ba ne. Ya koya mini yadda ake kafa wa doya sanda, yadda ake naɗa yaɗonta a hankali don kada ya karye, da yadda ake gane ƙasar da ta sha ruwa ta ƙoshi. Sai da aka daɗe na lura cewa duk inda za mu, ta damana yake tafiya. Ko a kan kunya muke, zai zagayo kafin ya yi magana. Bai taɓa tambayata dalili ba, ni ma ban taɓa faɗa masa ba.

Wata safiya muna noma, fartanyata ta zame ta datse yaɗon wata doya da ta fi kowacce kyau a layin. Kafin in san abin da nake yi, na yar da fartanyar na durƙusa na rufe kaina da hannuwa. Na jira. Ba abin da ya sauka. Da na leƙa ta tsakanin hannuwana, sai na gan shi tsaye ya dogara da garmarsa, idonsa ya kaɗa.

Ya ce, "Sauke hannunka, ɗana. Doya ce. Za ta sake toho." Sannan ya ƙara da cewa, "A gidan nan ba a dukan mutum."

Ban yarda da shi a ranar ba. Jiki ba ya saurin yarda. Na fi shekara kafin in daina zabura in an ɗaga hannu kusa da ni, ko da ƙuda za a kora.

Kafin damina ta ƙare ya kai ni makarantar gwamnati da ke kan hanyar gari, ya zauna a ofishin shugaba har aka karɓe ni. Maman 'yan biyu ta zo da tsofaffin rigunan makarantar 'ya'yanta da maganin ɗigawa a kunne, ta roƙi malamin ajinmu ya zaunar da ni a gaba ta gefen hagu, don kunnen mai kyau ya fuskanci allo. Na girmi 'yan ajin, suna kirana kurma, ba ni da aboki. In an tashi nakan biyo bakin rafi ni kaɗai in dawo gida. Amma a ƙarshen hanyar akwai Iya a ƙofar gida tana tsinke yakuwa, tana tambayata me aka koya mana, ko da yake ita ba ta taɓa shiga aji ba.

Da kaka ta yi, aka haƙe doya, sai ga Baffa ya zo. Ina dawowa daga makaranta na hango takalminsa a ƙofar zaure. Ya ce aro ya ƙare, ya samo mini aiki wajen masu buga bulo. Tsohon ya sa aka kawo masa abinci, ya bari ya ci ya sha ruwa. Sannan ya ce, "Gaskiyarka, alkawari kaya ne. Amma yaron ya yi hankali. A kira shi a tambaye shi."

Tunda aka haife ni ba a taɓa tambayata inda nake son zama ba. Na durƙusa a gabansu. Baffa ya kafe ni da idon nan da na sani. Na dubi ƙasa, na ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Zan zauna." Muryar ta fito siririya kamar ba tawa ba.

Na ɗauka zai tashi ya mare ni. Sai ya daɗe yana kallona, ya ce, "Har muryar tasa ce." Ya miƙe ya sa takalmi. Tsohon ya sa aka ɗaure masa doya a bayan babur, ya raka shi har bakin hanya. Bai ƙara zuwa nemana ba. Shekaru bayan haka, da na ji yana kwance ba lafiya, na je na duba shi, na zauna a gefen gadonsa. Mun yi hirar ruwan sama da tsadar abinci. Bai nemi gafara ba, ni ma ban tayar da maganar ba.

A hutun shekarar tsohon ya sa ni a mota in je in ga mahaifiyata. Na tarar ta yi aure, da jariri a hannu. Ta rungume ni ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta yanka mini kaza, ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma irin ta baƙi. Ƙanwata ta ɓuya a bayanta don ba ta san ni ba. Kowa ya yi mini kirki, kuma kowa na tambayar yaushe zan koma. Ban gaya mata zancen kunnen ba. Da na sauka a tashar Suleja na kama hanyar Maje, na yi kuka a hanya, sannan na wanke fuskata a rafi kafin in shiga gida.

A gidan nan na gama sakandare, daga nan na tafi kwalejin horon malamai. Ina can aka yi wa mijin Maman 'yan biyu ritaya suka koma garinsu. Lokacin waya ba ta yawaita a hannun irinmu ba. Da na dawo hutu na je Kwamba da 'yar tsarabata, na tarar da wasu a ɗakinta. Na tambayi tela, ya ce Filato dai suka tafi, bai san wane gari ba. A nan ne na gane ko sunanta na gaskiya ban sani ba. Yaro ba ya tambayar sunan babba, ni kuma na ɗauka kullum tana nan. Na je asibitin, aka ce nas-nas 'yan Filato da suka yi aiki a nan ba su ƙirguwa.

Iya ta riga tsohon rasuwa, shi kuma ya bi ta ba da daɗewa ba. Ni na riƙe kansa a kwanakin ƙarshe. 'Ya'yansa suka zo daga birni, suka yi mini godiya, aka raba gado, daga baya suka sayar da gonar. Ban ga laifinsu ba, haƙƙinsu ne, ni aro aka yi ni.

Yanzu ina koyarwa a wata sakandare a cikin gari, ina da mata da 'ya'ya. Maje kuwa in ka je ba za ka gane ta ba. Inda muke kafa wa doya sanda rukunin gidaje ne masu jan rufi, da doguwar katanga da waya a samanta. An sare ɗorawar, rafin ya zama kwata. Mutanen da ke ciki da asuba suke fita Abuja, maƙwabci bai san maƙwabci ba. Wani lokaci in na tashi daga aiki nakan hau babur in je in tsaya a tsallaken titi, ina ƙoƙarin gane daidai inda rumbu yake.

Bara maigadin wurin ya gaji da ganina, ya tsallako ya tambaye ni wa nake nema. Na ce ba kowa, a nan na girma. Muka ɗan taɓa hira, ya ce shi daga Filato ya zo neman aiki. Sai na ji bakina ya riga ni, na tambaye shi ko ya san wata nas, gajeriya, mai 'yan biyu maza, mijinta tsohon soja, ta taɓa zama a Kwamba.

Ya yi dariya ya ce, "Oga, Filato fa da faɗi. Mene ne sunanta?"

Na ce ban sani ba.

Ya daina dariyar, ya dube ni. Ya ce in ya je gida Kirsimeti zai tambaya a cocinsu, a kuma sanar a na maƙwabta, wataƙila a dace. Kirsimeti ta zo ta wuce. Da na koma, wani maigadin na tarar a ƙofar, ya ce wancan bai dawo ba. Na gaishe shi, na tambaye shi daga ina yake.